Lakar hanyar Mayo Ndaga da wincin da na saya

Ranar da muka baro Kano a watan Agustan 2022, ni da ƙanena, ba mu da komai na ceton mota sai shebur ɗaya da jak da wata tsohuwar igiya. Hilux ce, mun cika bayanta da magungunan dabbobi da buhunan gishirin lasa, za mu kai wa makiyayan tsaunin Mambila. Muka bi ta Gombe da Numan, muka kwana a Jalingo, washegari muka wuce Bali da Serti. Daga Mayo Selbe hanya take fara murɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, kunne yana toshewa, har ka ɓullo Maisamari ka ji sanyi ya ratsa ka kamar ba damina ba. Tsayin tsaunin ya kai wajen mita 1,600, ciyawa shar ko'ina, shanu kuwa ba a magana.

Matsala ta fara ne bayan mun bar kwalta a Nguroje muka nufi Mayo Ndaga. An kwana ana ruwa. Jar ƙasar nan idan ta sha ruwa santsi take kamar sabulu, kuma manyan motoci sun riga sun haƙa kwari biyu a tsakiyar hanya. A wani gangare motar ta zame cikin kwarin, cikinta ya zauna daram a ƙasa, tayoyi huɗu suna juyawa a banza. Muka yi haƙa, muka cusa duwatsu da rassa, tun hantsi har la'asar ba ta motsa ba.

Wata tsohuwar Land Rover ce ta cece mu, irin waɗanda har yau su ne jakunan tsaunin. Direbanta dattijo ne, ya sauko ya zagaya motar sau ɗaya, ya sa yaransa suka fito da Tirfor, wato injin jan nan na hannu mai igiyar ƙarfe. Suka ɗaura shi a gindin bishiyar turare, biyu suna tuƙa sandar, motar tana tahowa taƙi-taƙi har ta fito. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. In na koma Kano winci zan sa wa motar nan, wato irin wannan injin jan amma mai aiki da batir." Ya ce, "Alhaji, ka sa. Amma kafin ka je kasuwa ka fara sanin nauyinta da kaya a ciki, ba nauyinta tana wofi ba."

Maganar nan na riƙe ta. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce ƙarfin winci ya kai nauyin mota da lodinta sau ɗaya da rabi. Tawa idan ta yi lodi tana dab da kilo 3,000, ke nan ina bukatar mai jan kilo 4,500. Su kuma masu ƙera winci da laba suke rubutawa a jikinsa: 9,500 ya kama kilo 4,300, 12,000 kuma kilo 5,400 da ɗoriya. A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano an nuna mini ƙanana masu araha, fentinsu na ƙyalli, an ce za su yi. Ban saya ba, domin lambar da ke jikin winci ƙarfinsa ne a lokacin da igiya take zagayen farko a kan gangar da ake naɗe ta a kai. Duk zagayen da ya hau kan wani, ƙarfi raguwa yake. Ga laka kuma ba nauyin mota kaɗai ake ja ba, tsotse ta take ta riƙe. Na ɗauki mai 12,000.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne igiya. Ta ƙarfe tana jure gogar dutse da zafin rana, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ta zare, wadda ake saƙawa da wani zaren roba mai ƙarfi da ake kira Dyneema, ba ta da nauyi, amma yashi yana shiga cikin saƙar ya ci ta a hankali, rana ma tana gajiyar da ita, dole a riƙa wanke ta ana rufe ta. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne abin da na gani ranar da muka kafe: kafin awa ɗaya yara da matasa sun fi ashirin a kanmu, kowa yana son ya taimaka. Igiyar ƙarfe idan ta tsinke tana ɗauke da kaya, bulala take zama, tana iya raba mutum da ƙafarsa. Tsallen ta zare bai kai wannan haɗari ba. Ba zan iya kallon iyayen yaro a ƙauyen da na je neman halal in ce igiyata ce ta ji masa ba. Na zaɓi ta zare, na yarda da wahalar wankinta.

Sauran aikin makanike da mai walda ne. Aka kafa shi a kan farantin ƙarfe mai kauri da ke ɗaure da shasi, ba jikin bamba ba. Na sauya batir, domin winci a kan cikakken ja yana iya zuƙar amfiya 400, shi ya sa ba a kashe injin mota yayin da yake aiki. Na ƙara da fuli mai ninka ƙarfin ja biyu, faffaɗan bel na rungumar bishiya, shakul biyu, wato zoben ƙarfe na haɗa igiya da bel, da safar hannu ta fata.

A Satumbar 2023 muka koma. Ba a wancan gangaren ba, can gaba kusa da wani rafi, motar ta sake zama. Wannan karon babu bishiya kusa sai guda ɗaya, siririya, ban amince da ita ba. Muka haƙa rami mai zurfi har ƙugu, muka ɗaura bel a safayar taya muka binne ta, muka danne da ƙasa. Haƙan ya ci mana kusan awa biyu. Na warware igiya sosai, na bar zagaye goma a kan ganga, na jefa bargo a tsakiyarta, na ce wa ƙanena, "Kai, mayar da yaran nan baya, kowa ya wuce tsawon igiyar." Ina ja kaɗan ina tsayawa don kada injin wincin ya yi zafi. A ja na huɗu na ji laka ta saki cikin motar da wani irin sauti, tayoyi suka kama ƙasa.

Mun isa rugar farko ana kiran magariba, hazo ya sauko ya rufe tuddai. Aka kawo mana kindirmo da shayi mai zafi. Da asuba, kafin mu buɗe kwalayen magani, na warware igiyar gaba ɗaya na kai ta bakin rafi, ni da ƙanena muka wanke jar lakar da ke cikinta muka shanya a kan ciyawa.