Daga Agadas zuwa Adrar Bus: Kuɗin Tono Kufan Hamada

Mun tashi daga Agadas bayan asuba, mun nufi Adrar Bus, wani wurin kufan mutanen dā a bakin hamadar Tenere, cikin sanyin watan Janairu, da mota uku ƙirar Land Cruiser, ban da ta sojojin rakiya. Wanda zai yi aikin tono kufan mutanen dā a arewacin Nijar daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake da sarari; ya wuce haka, zafi ya kore shi. Kafin a murza makulli sai takardu sun cika: izinin bincike daga Yamai, bisa dokar kare kayan tarihi ta 1997, da amincewar jami'an gandun daji, sannan hukumomin jiha su san hanyar da za a bi.

Lissafin guzuri shi ke fara nuna inda kuɗi ke tafiya. A kan kwalta mota ba ta da ci, amma da ta shiga yashi mai laushi da kaya a bayanta, sai ta sha lita 25 ta gazuwal a kilomita 100. Mun ƙiyasta kilomita 1,200 zuwa da dawowa har da kewaye-kewaye, wato lita 300 ga kowace mota, sannan aka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɓatan hanya. Ruwa kuwa lita 10 ga mutum a yini, sha da girki da alwala. Mutum 15, kwana 10 nesa da rijiya, lita 1,500 ke nan, nauyin tan ɗaya da rabi. Ga tayar safaya biyu-biyu, ga faifan ƙarfe na ciro mota daga yashi, ga wayar tauraron ɗan adam. Duk wannan ba a taɓa ƙasa da cokalin tono ba tukuna.

Zangon farko Dabus ne, wajen kilomita 110 arewa da Agadas, a ɗan ratse daga hanyar Arlit. A kan wani falalen dutse aka sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4. Idan ka durƙusa kusa za ka ga kowane ɗigon jikinsa an kewaye shi da zurfin layi an kuma goge shi sumul, ga wani siririn layi ya sauko daga bakinsa zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. A kewayen wurin akwai zane fiye da 800. A 1999 aka kwafi siffar raƙuman, da kuɗin wata gidauniya ta waje, Bradshaw Foundation, kwafi guda yana filin jirgin saman Agadas. Abin da ya fi tsare dutsen shi ne Abzinawan da ke zaune kusa suna gadi. Tsohon da ya zagaya da mu ya ce da ni, "Malam, cire takalmi kafin ka hau, tsakuwar da ke ƙasansa ita ke cin zanen."

Daga nan muka yanki duwatsun Abzin zuwa Iferwan, inda muka cika jarkoki. Gabas da garin gandun Abzin da Tenere ya shimfiɗu, hekta miliyan 7.7. An kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye. Abin lura, saboda namun daji da yanayin ƙasa aka yi masa rajista. Kufai da zanen duwatsu sun shigo ne a raɓe, don haka jami'in gandu horonsa na barewa da jimina ne, ba lalle ya bambance tsingaron shekara 7,000 da na tukunyar bara ba. A yankin nan ba a kauce wa sawun jagora, domin rikicin 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi.

Bayan tuddan yashin Temet muka rage iskar taya zuwa kusan rabi. Direban da ya yi ƙyuya, motarsa ta nutse har gindi. Ya ci awa biyu yana haƙa.

Adrar Bus dutse ne tilo a bakin Tenere. A gindinsa, inda tafki ya taɓa kwanciya, ƙasa cike take da kaya a fili: kan kibiya na koren dutse, dutsen niƙa da ɗansa, tsingaro mai zanen ɗigo-ɗigo, da gatarin nan da muke kira gatarin aradu. Ga ƙasusuwan kifi a wurin da yau ko ciyawa ba ta tsira. Tarihin binciken wurin kansa darasi ne a kan kuɗi. Ayarin da ya fito da sunan wurin a 1959 zuwa 1960 kamfanin manyan motoci na Faransa, Berliet, ya ɗauki nauyinsa don gwada motocinsa a hamada. A 1970 ayarin Ingila tare da masanin kufai Desmond Clark ya tono ƙwarangwal ɗin saniyar gida kusan cikakke, amma cikakken rahoton aikin sai a 2008 ya fito, a Beljiyam, bayan rasuwar Clark. Tukwanen Tagalagal a dutsen Bagzan, masu shekara fiye da 9,000, masani Bafaranshe Jean-Pierre Roset ya gano su da kuɗin cibiyar binciken gwamnatin Faransa. Haka Gobero, can kudu, wadda ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya ci karo da ita a 2000 yana neman ƙasusuwan dabbobin dā: kaburbura wajen 200, har da na mace da yara biyu rungume da juna. Masanan Nijar na cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai suna cikin irin waɗannan ayyuka, sai dai mai tukunya shi ke da iko da wuta. Ranar da mai ba da kuɗi ya janye, aiki ya tsaya.

Aikin kansa ba ya son gaggawa. Ana ja igiya a raba wuri murabba'in mita ɗaya-ɗaya, a ɗauki lambar GPS da hoto kafin a ɗaga komai. Yashin da aka kwashe a tace shi da rariya mai ido milimita biyu, don ƙananan duwatsun ado da ƙayar kifi. Ƙashin da iska ta tone ya sha rana yakan yi fari ya yi ta ɓarɓashi kamar alli, saboda haka ana ɗiga masa gam mai ruwa-ruwa, Paraloid B-72 da aka narkar, ya tsotse ya bushe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sa gam kafin a cire samfurin auna shekaru, gam ɗin kuwa yana gurɓata sakamako. Idan za a ɗauke kabari ɗungurungum, a haƙa kewayensa, a rufe da takarda mai laushi, a naɗe da tsumman buhun algarara da aka tsoma a filasta irin ta ɗaurin karaya. Filasta na shan ruwa, ruwan nan dai da aka ƙirga wa mutane.

Auna shekaru wata ɗawainiya ce. Zafin hamada yana cinye sinadarin ƙashi da aka saba aunawa, dole a koma ga ɓawon haƙori ko gawayin murhu, a aika ɗakin gwaji a ƙetare, kowane samfuri ɗaruruwan dalar Amurka. Wuri ɗaya kuma ba ya tsayuwa da samfuri ɗaya.

A ganina nan ne baitulmali ya kamata ya shigo, a wuraren da baƙo ba ya sha'awar biya: albashin masu gadi daga mutanen yankin, sintiri sau biyu a shekara don a rubuta abin da iska ta tone, ɗakin ajiya mai kanta da rajista a Agadas, guraben karatu ga ɗalibai.  Tun da zinariyar Jado, can arewa maso gabas, ta ɓarke a 2014 motoci suka yawaita a arewa, kuma kan kibiya na shiga aljihu ba wuya. A gefen wani kufai mun tarar da tarin duwatsun niƙa da wani ya tattara ya zaɓi masu kyau ya watsar da saura. An raba su da mazauninsu, babu sauran abin da za su gaya wa mai bincike. Muka ƙirga su, muka ɗauki hoto da lamba, muka kama hanyar Iferwan da ragowar jarka huɗu ta ruwa.