Wa Za Ki Yi Wa?

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau aka yi wunin bikin ɗiyar ƙanwata a Gwammaja, kuma duk da cewa ƙafafuna sun kumbura saboda tsayuwa da kai-komo, ba na so in kwanta ban rubuta abin da ya tsaya mini a rai tun hantsi ba. Shekaruna hamsin da bakwai, Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, ya kusa shekara uku da rasuwa. Tun da na fita takaba ban sake zama gaban madubi irin zaman da na saba ba. Nakan yi wanka, in shafa man kaɗanya, in sa hijabi in tafi makarantar da nake koyarwa, kuma a haka watanni suka yi ta shuɗewa ba tare da na taɓa yanke wa kaina hukuncin cewa na bar kwalliya ba.

Da safe, hazon hunturu bai ko washe ba, autata ta shigo da ɗinkin anko, ta ce an ɗauko mai kwalliya za ta zo gidan ƙanwar tawa da ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ta riga ta sa ni cikin waɗanda za a yi wa. Na ce mata ta cire ni. Ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Umma, don Allah ko na yau kaɗai ne ki bari a gyara miki fuska, rabon da in gan ki da kwalli har na manta." Ban ba ta amsa ba, amma tana fita na jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, na ciro tandun kwallin da mahaifiyata ta sayo mini a Kasuwar Kurmi lokacin aurena a 1986. Fatarsa ta yi baƙi saboda daɗewa a hannu, kuma har yanzu da sauran kwalli a ciki.

Na ɗauki madubi na zauna a bakin taga, na cire tabarau domin in sa kwallin, sai na tarar idona ba ya ganin abin da ke kusa sosai sai da tabarau, shi kuma kwalli ba ya sawuwa da tabarau a fuska. Wannan ƙaramin abu ya taɓa ni fiye da yadda na zata, domin hannuna bai manta aikin da ya yi shekara talatin da wani abu yana yi ba, idon ne ya canja. Na mayar da tabarau na dubi fuskata da kyau. Fatar ta bushe, gefen idanu da gefen baki sun yi layi-layi, ƙasan ido kuma ya ɗan yi duhu. Likitar da nake gani ta taɓa bayyana mini cewa idan haila ta ɗauke wa mace, wanda galibi yakan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin estrojin yana raguwa a jiki, sai fata ta rage maiƙo da kauri, har takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin da ke riƙe ta a shekaru biyar na farko. Ni tawa ta ɗauke ina da shekara hamsin, don haka abin da na gani a madubi ba ciwo ba ne, tafiyar jiki ce kamar yadda Allah ya tsara ta. Na rufe tandun na sa shi a jaka, ban san dalilin da ya sa na tafi da shi ba.

A gidan biki na tarar da mai kwalliyar ta baje kayanta a ɗakin ƙanwata. Yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da akwati mai hawa uku da fitila mai zagaye da take haska fuskar duk wadda ta zauna. Na tsaya ina kallon yadda take yi wa ƙawayen amarya: a shafa wannan, a ɗora wancan, a zana gira, a manna gashin ido, har sai ka ga 'yan mata biyar sun fito da kama ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Da ta gama da su sai ta goge kujerar ta ce, "Hajiya, bismillah." Kafin in motsa, yayarmu, wadda ta girme ni da shekara tara kuma ita ce a matsayin uwa gare mu yanzu, ta ɗago daga inda take ƙulla goro ta ce, "Ke kuma da girmanki, da jikoki biyar, za ki zauna yarinya ta zane miki fuska? So kike a ce kina da budurwar zuciya? Wai ma wa za ki yi wa?"

Ɗakin ya yi tsit. Na san Yaya ba da mugunta ta faɗa ba, mutuncina take karewa kamar yadda ta fahimce shi, kuma ita kanta tun da mijinta ya rasu ba ta ƙara sa ko lalle ba. Amma tambayarta ta ƙarshe ta soke ni, domin ita ce tambayar da nake yi wa kaina a ɓoye duk tsawon wannan lokaci. An tarbiyyantar da mu a kan cewa kwalliyar mace ta mijinta ce, kuma wannan gaskiya ne a gidan aure, na yi shi da zuciya ɗaya. Malam mutum ne mai lura, idan na sa kwalli da yamma sai ya tanka, ko da kalma ɗaya ce. Yau na yarda a raina cewa wani ɓangare na barin kwalliyata kunyarsa ce, kamar idan na gyara fuskar da ba zai gani ba na ci amanarsa.

Sai dai da na fita tsakar gida na zauna ni kaɗai na ɗan lokaci, kakarmu ce ta faɗo mini a rai. Ta haura shekara tamanin kafin ta rasu, ta kuma yi fiye da shekara ashirin ba miji, amma ban taɓa ganin ta ba kwalli a idonta ba. Tana cin goro da fure har haƙoranta su yi ja, duk sallah sai ta ƙunsa lalle ta zura hannu a zunguru ta kwana da shi, kuma tana ba mu labarin yadda suke ɗiga katambiri a fuska lokacin ƙuruciyarsu. Babu wanda ya taɓa ce mata ta zubar da girma, hasali ma tsabtarta da adonta suna cikin abin da ya sa ake jin nauyinta. Ashe ke nan ra'ayin cewa mace ta ajiye ado da zarar ta yi jika ba gadon iyayenmu ba ne kamar yadda muke zato. Abin da ya canja shi ne irin kwalliyar. Ta yanzu an ƙera ta ne domin kyamara da fuskar yarinya, shi ya sa idan babbar mace ta ɗauke ta gaba ɗaya ta ɗora wa kanta sai ta zama abin kallo, daga nan kuma mutane suka yi wa ado duka kuɗin goro.

Na kuma yi tunanin takabar kanta. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 234, ya sa wa matar da mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma, kuma a cikinsu ne ake hana ta kwalli da turare da lalle da tufafin ado. Na kiyaye su kwana bayan kwana, ban ƙetare ko ɗaya ba. Amma abin da aka yi wa iyaka yana da ranar ƙarewa, kuma da a ce zama ba ado shi ne halin da ya dace da duk macen da ba ta da miji, da ba a ƙidaya mana kwanaki ba. Mu ne muka ɗauki takabar da Allah ya taƙaita muka shimfiɗa ta har ƙarshen rayuwa, muka sa mata suna girma. Ko aya ta 60 ta Suratun Nur, wadda ta yi magana a kan matan da suka manyanta, sauƙi ta zo da shi game da tufafi, sharaɗin da ta gindaya shi ne kada a fita ana tallar ado. Wannan iyaka kuwa tana kan 'yar shekara ashirin kamar yadda take kan 'yar sittin, kuma ni ma ba ni da niyyar ƙetare ta. Abin da nake magana a kai shi ne fuskata a cikin gidana, da tsakanin 'yan'uwana mata, da gaban jikokina.

Na koma ɗaki na zauna a kujerar, na kuma gindaya wa yarinyar sharuɗɗa. Na ce kada reza ta taɓa girata, ba na son gashin ido na kanti, kada ta shafa mini abin da zai hana ruwan alwala taɓa fata tunda la'asar da magariba duk a nan za su same ni, kuma kada ta sa mini hodar da ta fi launina haske. Ta saurare ni da ladabi, kuma na ga ta san aikinta. Ita da kanta ta ce hoda mai kauri kwanciya take yi a cikin layukan fuska ta ƙara fito da su, musamman a wannan sanyi da fata ke bushewa, don haka ta fara shafa mini mai ta bari ya shiga, sannan ta bi da hoda kaɗan, ta zana idon da gazal siriri, ta sa jan baki mai kusa da launin leɓena. Duka-duka bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Da na sa tabarau na duba, matar da na gani shekarunta hamsin da bakwai ne cif, ba a rage mata ko ɗaya ba, amma ta yi kama da wadda ta yi barci ta huta, kuma na gane ta.

Wuri ɗaya muka saɓa da ita. Tana haɗa kaya sai ta ce tana da wani mai da take haɗawa wanda zai fito mini da haske cikin mako biyu, ta ce manyan mata da yawa suna saye. Na gode mata na ce ba na so. Ina da ƙawaye sa'o'ina da suka bi wannan hanya, yau kumatunsu sun ƙone sun yi ja da baƙi, gaɓoɓin yatsunsu sun yi duhu, fatar ta yi siririya har jijiyoyi suna nunawa, ba sa iya fita rana sai da ɗaurin fuska. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi haidurokwinon ko sinadarin makuri ko magungunan sitiroyid, makuri kuwa har ƙoda yake lalatawa, kuma hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. A ganina nan ne ainihin haɗarin yake ga mace mai shekaruna, wato ta mayar da kwalliya makamin yaƙi da tsufa. Wadda ta shiga wannan yaƙi kullum sai ta ƙara kauri da haske, kullum kuma madubi yana ƙaryata ta, kwalliya ba ta taɓa biyan kuɗin sabulu. Da wannan Yaya take nufi da na goyi bayanta ɗari bisa ɗari.

Sauran wunin ya tafi kamar kowane wuni, da abinci da gaishe-gaishe da hotuna. Abin da zan riƙe shi ne lokacin da ƙanwata, uwar amarya, ta shigo da sauri tana neman makulli, ta kalle ni ta tsaya cak, idonta ya ciko, ta ce, "Yaya, kin dawo." Ita kuwa babbar yayarmu ba ta sake cewa komai ba har bayan la'asar, sai da muka idar da salla ta miƙo hannu ta gyara mini ɗaurin ɗankwali, ta ce ya karkace, sannan ta tambaye ni ko akwai humra a jakata. Na ba ta, ta shafa a wuyan hannu da bayan kunne.

A hanyar dawowa na nuna wa autata tandun. Da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta karɓa ta duba, sannan ta roƙe ni kada in koma amfani da abin da ke ciki. Ta ce yawancin kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu ma'adinin dalma ne, ita ce kuma gubar da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ta ce dalma taruwa take yi a jiki sannu a hankali, kuma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar jarirai illa, alhali mu da hannunmu muke ɗura musu ita a ido tun suna cikin tsumma. Maganar ta yi mini nauyi, domin ni na sa wa jikokina biyu na farko kwalli daga wannan tandu. Na yi mata alkawarin ba zan ƙara sa wa kowane yaro ba, ni ma zan koma gazal mai rajista irin wanda aka sa mini yau.

Yanzu na wanke fuska na shafa mai. Na zazzage tsohon kwallin na ƙulle shi a leda inda yara ba za su kai ba, tandun kuma na goge shi na ajiye a gaban madubi, domin hannun mahaifiyata ya taɓa shi. Kusa da shi na jera hoda ɗaya da jan baki ɗaya da kwalbar humra, sauran tsofaffin kayan da suka shekara uku a akwati duk na zubar, sun riga sun lalace. Auta ta ce za ta sayo mini madubi mai ƙara girman abu a Kasuwar Sabon Gari, don in iya zana idona da kaina. Ranar Alhamis mai lalle za ta zo gidan nan, kuma gobe idan Allah ya kai mu zan kira Yaya in ce ta zo a ƙunsa mana tare.