Ku riƙa karanta ɗan akwatin nan mai ruwan ɗorawa a shafukan Rust

Ƙannena da kuka fara koyon Rust, yaren rubuta shirin kwamfuta, akwai wani abu daya taɓa cinye min kusan sati guda da kuma ƙimata a wajen wani bawan Allah daya bani aiki, nace bari in faɗa muku kar ku bi ta inda na bi. Matsalar ba daga yaren take ba, daga yadda nake karanta shafukan bayanin yaren ne, musamman na nau'o'in da aka haifi yaren dasu irinsu i32 (cikakkiyar lamba dake iya zuwa ƙasa da sifili), u32 (wadda bata zuwa ƙasa da sifili), str (rubutu) da slice (yankin jerin abubuwa).

Ni a lokacin tunanina shine duk abinda na gani a shafin i32 to shikenan ya zauna daram, tunda i32 ba laburaren wani bane da zaka ce mai shi zai iya tashi gobe ya canza ra'ayi, na cikin gida ne. To ashe ba haka abin yake ba. Shi i32 ɗin kansa yana nan tun Rust 1.0 daya fito ranar 15 ga Mayu 2015, amma metod ɗin dake ƙarƙashinsa, wato ayyukan da zaka iya kira a kansa, kowanne da ranar daya shigo, wasu ma har yanzu gwaji ake dasu ba'a gama shawara ba, kuma duk a shafi ɗaya aka jera su.

Wajen ƙarshen 2023 ne na karɓi aikin wani ɗan ƙaramin shiri na sito, lissafin kaya da kwalaye, misali sabulu 250 kuma kwali yana cin 24, kwali nawa ake buƙata. In ka raba kai tsaye kwamfuta zata baka 10 ta watsar da ragowar, alhali 11 ake so. Na shiga shafin i32 naga div_ceil, mai raba lamba ya cike ragowar zuwa sama, daidai abinda nake nema. A ƙasan sunan akwai wani ɗan akwati mai ruwan ɗorawa da hoton madubin likita, an rubuta cewa wannan na gwaji ne kuma a nightly kaɗai yake aiki. Wallahi na ganshi da idona, na wuce kamar yadda muke wuce talla. Kompaila, wato manhajar dake haɗa kod ya zama shiri, ta tsayar dani da lambar kuskure E0658, sannan ta bada shawarar in ƙara #![feature(int_roundings)] a saman fayil, na ƙara, komai ya tashi, na cigaba da aikina ina jin daɗi.

Dalilin da yasa ya tashi shine laftof ɗina nightly ke kai, na saka shi tun lokacin da nake koyon Rocket 0.4, laburaren gina shafukan yanar gizo, wanda sai da nightly yake aiki, daga baya na manta ma gaba ɗaya. Ga wanda bai sani ba, Rust hanya uku yake fitowa, nightly kullum dare, sai beta, sai stable dake fita duk bayan sati 6. Alƙawarin da masu yaren suka ɗauka cewa kod ɗinka bazai karye ba in ka sabunta, akan stable suka ɗauke shi. Abinda ke nightly kuwa suna iya canza masa suna ko hali ko su cire shi ɗungurungum, kuma sun faɗa tun farko.

Na miƙa aiki. Yaron dake kula da kwamfutocin sitón ya kira ni yace Yaya abin nan fa yaƙi haɗuwa, yana bada E0554. Ma'anarsa stable baya karɓar layin feature kwata kwata. Ina cikin neman mafita na buga rustup update, umarnin sabunta Rust, a nawa laftof ɗin, sai ga wata sabuwa, na yi amfani da group_by akan slice wajen haɗa rasit na rana ɗaya waje guda, shima na gwaji ne, sai na tarar babu shi. An canza masa suna zuwa chunk_by, da wannan sunan ya shiga stable a 1.77 cikin Maris 2024. Yanzu kenan aikin baya tashi a wajensu, baya tashi a wajena, mai sito kuma yana jira, mutum ne mai haƙuri amma naji canjin muryarsa a waya kuma har yau abin yana damuna.

Wajen da yafi koya min hankali shine na gaba. Dana koma na karanta a natse sai naga div_ceil na u32 bashi da akwatin nan, na i32 ne ke dashi. Suna ɗaya, aiki ɗaya, amma ɗaya an tabbatar ɗaya ba'a tabbatar ba, kuma in ka zauna kayi tunani zaka ga dalili, lambar dake ƙasa da sifili tana kawo tambayar ta wane ɓangare za'a cike ragowar, u32 kuwa bashi da wannan rigimar. Dama can adadin sabulu baya zuwa ƙasa da sifili, tun farko u32 ya kamata in ɗauka. Na canza, na koma stable, ya tashi lafiya, na tura. Ya sake ƙin haɗuwa. Sabarsu Debian 12 ce, wani nau'in Linux, kuma rustc, wato kompailar Rust, dake zuwa da ita 1.63 ne, shi kuma div_ceil na u32 sai a 1.73 aka tabbatar dashi, Oktoba 2023. Wannan lambar tana nan a rubuce a gefen dama na sunan metod ɗin, ƙarama mai launin toka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me take nufi ba. Ita ce ke gaya maka daga wace siga abin ya zama alƙawari. Wani lokacin ma zaka ga lamba ta biyu da kalmar const a gabanta, wannan sigar da aka yarda ayi amfani dashi a cikin const ce, wato ƙimar da ake lissafawa tun lokacin haɗa shiri, tana iya zuwa shekaru bayan ta farkon.

Ba da hannu ake rubuta waɗannan alamomin ba, shiyasa na yarda dasu. A cikin kod ɗin laburaren yaren kowane metod yana ɗauke da tambarin stable da sigarsa ko unstable da sunan ficha da lambar tattaunawarta, kompaila da wannan tambarin take hana ka, rustdoc mai fitar da shafukan bayanin ma dashi yake zana akwatin. Kuma ba metod kaɗai ba, nau'in ma kansa yana iya zama na gwaji, f16 da f128, nau'o'in lamba mai ɗigo, da suka shigo nightly a 2024 a jere suke da i32 cikin jerin nau'o'in cikin gida, alamar gwaji ce kawai ta raba su. Sai kuma ɗaya akwatin na abinda aka daina so, kamar trim_left na str da akace a koma trim_start, wannan yana aiki har yanzu sai dai gargaɗi.

Abinda nake roƙonku, kafin ku rubuta layi ɗaya na aikin wani ku tambaya wace siga ke kan injin da abin zai zauna, rustc --version kawai zasu buga su turo muku. Ku sauke wannan sigar da rustup ku riƙa haɗawa da ita, irin cargo +1.63.0 build, ku rubuta ta a rust-version cikin Cargo.toml, fayil ɗin saitin aikin. Bayanin ma ku daina buɗe duk wanda bincike ya fara jefo muku don wani lokacin shafin nightly ne, ku duba adireshin, ko ku buga rustup doc --std ya buɗe muku wanda yayi daidai da sigar dake kwamfutarku, baya ma cin data. In kuma kompaila tace ku ƙara feature, ku ɗauka tambayarku take ko kun yarda ku ɗauki kasadar, a aikin koyo ba laifi ku yarda, a aikin da wani zai dogara dashi wajen cin abincinsa ni dai na daina.

Aikin sitón daga ƙarshe da hannu na rubuta lissafin, (kaya + kwali - 1) / kwali, haɗa rasit ɗin kuma da for na yi shi, layi bakwai ko takwas. Ya haɗu a 1.63 ba gardama, na je har sitón na bawa mai shi haƙuri akan kwanakin da na ɓata masa.