Abin da tsakuwa a cikin kunkuru ta koya mini

A shekarar da na yi aikin sanin makamar aiki a wani asibitin dabbobi a Kano, awaki da kaji da karnuka ne suka fi cika mana wuri, saboda haka ranar da wani dattijo ya sa yara biyu suka sauko da kunkuru daga a-daidaita-sahu a cikin babban daro, kowa sai da ya leƙo. Mace ce, irin babban kunkurun nan na yankin Sahel da ake samu daga Senegal har Habasha, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya. Ya ce ta yi mako biyu ba ta ci ba kuma ba ta yi kashi ba, kuma ya sha ganinta tana tsintar tsakuwa a gindin katanga.

Da aka ɗauki hoton cikinta, sai ga tsakuwoyi sun taru a hanji fari fat, kamar an zuba wake a leda. Ni kuwa da rawar kaina na ce ai ba abin damuwa ba ne, tunda kaza ma tana haɗiyar tsakuwa don niƙa hatsi. Likitan da nake ƙarƙashinsa bai ce mini komai ba a gaban mutane, sai daga baya ya tuna mini cewa kaza tana da ƙundu, kunkuru kuwa ba shi da shi, kuma hanjinsa yana tafiyar da abinci a hankali ƙwarai, ta yadda abin da ya ci yau yana iya yin makonni kafin ya fita. Tsakuwar da ta yi yawa tana iya toshe hanya gaba ɗaya, kuma idan haka ta faru, sau da yawa sai an yanke ƙoƙon ƙasan ciki kafin a kai ga hanjin.

Tambayar da likitan ya yi wa dattijon ita ce ta zame mini darasi. Ya ce, "Baba, me take ci, kuma ina take kwana?" Amsar ita ce ragowar tuwo da shinkafa, da dusa, da latas da ɓawon kankana idan an samu, sannan tana zaune a wani lungu mai rufin kwano da rana ba ta shiga. A ganin maigidan gata ne ya yi mata, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin haka akasarin gidaje suke kiwon kunkuru.

Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne, kuma ƙashi da sinadarin kalsiyam ake gina shi. Abin da ake so a abincinsa shi ne kalsiyam ya ninka fosforas kamar sau 2, alhali hatsi da dusa akasin haka suke, fosforas ɗinsu ya rinjayi kalsiyam nesa ba kusa ba. Ko da an ba shi kalsiyam ɗin, jikinsa ba zai amfana da shi ba sai da bitamin D3, wanda fatarsa take haɗawa idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, domin ko gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da yake yin wannan aiki. A daji, kunkuru mai wannan buƙata yana gaigayar tsohon ƙashi, ko ɓawon katantanwa, ko ƙasa mai farin dutse, musamman macen da take haɗa ƙwai. A gida kuwa farin abin da yake gani shi ne tsakuwa, shi ya sa ya fi zaɓen farare ya bar baƙaƙe. Makiyayin da yake ba shanunsa kanwa ya san irin wannan kwaɗayi tun kafin mu karanta shi a aji.

Akwai kuma batun ciyawa. Wannan kunkuru mai cin ciyawa ne, busasshiyar ciyawa mai kauri ita ce cimarsa ta asali, kuma wanda aka saba masa da abinci mai laushi ya fi yawan tsince-tsince. Duk da haka, wanda yake cin abinci mai kyau ma yakan haɗiyi ɗaya ko biyu su fita ba tare da wata illa ba, don haka share tsakuwa daga inda yake yawo wajibi ne ko yaya abincin yake.

Ba a yi mata tiyata ba. Likita ya ce a riƙa zaunar da ita a ruwan ɗumi marar zurfi na minti 20 kullum, a fitar da ita hantsi inda akwai inuwar da za ta koma idan zafi ya yi yawa, a daina tuwo da dusa, a koma ciyawa da ɗan ganyen zogale da na rama, a riƙa barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Alayyafo ya ce a rage, domin yana da sinadarin da yake ɗaure kalsiyam ya hana jiki sha.

Bayan kusan wata guda ƙaramin jikan dattijon ya zo da gwangwanin madara a hannu, ya ce Baba ya ce a nuna wa likita. Tsakuwoyin da suka fita ne aka wanke aka tara, kuma da na zube su a kan tebur na duba, in ban da guda biyu duk farare ne.