Na rage wa sufacajar Mini ɗina fuli, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da na saka bidiyon kukan motar nan a status mutane suka dame ni da tambaya, wai me ka yi mata take irin wannan shewar kamar shirwa ta hango ɗan tsako. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Motar dai Mini Cooper S ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, irin wadda ake ce wa R53. Injin ɗan mitsitsi ne, lita 1.6 kawai, amma a jikinsa akwai sufacaja ta kamfanin Eaton samfurin M45, ita ce ta sa yake ba da ƙarfin doki 170 tun daga kamfani. Wanda bai san sufacaja ba ya tuna zugazugin maƙeri, wuta na ci amma da an hura mata iska sai ta ƙara ruruwa, haka ita ma take tura wa inji iska da ƙarfin tsiya fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, sai birenbos ya ƙaro mai daidai da iskar. Bambancinta da turbo shi ne shi turbo hayaƙin salansa ke juya shi, ita kuwa bel ne ke janta kai tsaye daga karanshaf, shi ya sa kana taɓa totur take amsawa ba wani jira. Masu Marsandi C230 da aka rubuta Kompressor a bayanta, ku ma abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinku kenan, wasunku ma ba su sani ba.

Dabarar fuli kuwa, wato 'yar tayar ƙarfen da bel ke naɗewa a kai yana juya sufacajar, duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya santa. In ka mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na baya, taku ɗaya sai taya ta juya da yawa. Fulin da ke kan hancin sufacajar faɗinsa wajen milimita 65 ne, na saka wanda aka rage da kashi 15 cikin ɗari, wato wajen milimita 55. Kuma ku lura, rage kashi 15 a faɗi ba ƙarin kashi 15 ba ne a gudu, in ka raba 100 da 85 za ka ga ƙarin ya kusa kashi 18. Matsin iskar da ke wajen 0.8 a ma'aunin bar sai ya haura ya kusa 1. A takarda abin gwanin sha'awa.

Ranar aiki ne muka fara samun saɓani da makanikena. Shi fulin asali ba da noti aka ɗaure shi ba, matse shi aka yi a kan sandar, sai da fula ta musamman, wato ƙarfen zaro fuli, yake fita, kuma kafin ma ka kai gare shi sai an kwance mawuntin na gefen dama an ɗan ɗaga injin da jak saboda wurin a matse yake kamar gidan tururuwa. Yana leƙawa ya ce "Alhaji ai wannan guduma da cizal sun ishe shi, minti goma." Na ce "Oga don girman Allah kar ka taɓa min shi da guduma." Bugu ɗaya marar kyau boris ɗin cikin hancin ya tafi, ko sandar ta lanƙwashe, shikenan an koma neman sufacaja sukutum a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, in ma an samu. Sai da motar ta kwana biyu a gareji kafin mu samo aron fula, yana ta tsokanata wai na cika bin abin da Turawan YouTube suka faɗa. Da fulin ya fito sumul ba ko ƙwarzane shi da kansa ya ɗauki fular yana jujjuyawa yana tambaya nawa ake sayar da ita.

Kuskure na farko nawa ne, ba na kowa ba. Na ƙi sayen sabon bel, na ce ai tenshina, mai ɗame bel, za ta ɗauke sakin. Ina! Fuli ya ƙanƙance, bel ɗin da ke naɗe da shi ya ragu, ga nauyin ja ya ƙaru, da na kai giya ta uku na danna sai in ji motar ta ɗauka sannan ta saki kamar an riƙe mata wutsiya, in ka buɗe bonet kuma ga baƙar ƙurar roba ta bi ko'ina. Da aka saka bel ɗin da ya ɗan fi gajarta aka duba tenshinar sai ta daina. Na kuma canza fulogi zuwa masu lamba ɗaya mafi sanyi, a NGK daga 6 zuwa 7, don kar bakinsu ya yi ja ya riga tartsatsi kunna mai.

Yanzu ga abin da ya sa ma na zauna rubutun nan. Zafi. Duk iskar da aka matse sai ta ɗau zafi, kuma irin wannan sufacajar ta Roots, mai gora biyu da ke juyawa a jikin juna, ba gwana ba ce wajen matsa iska a sanyaye, kana ƙara mata gudu rabon da ke tafiya a zafi yana ƙaruwa. Intakular Mini kuma, wato mai sanyaya iskar kafin ta shiga inji, a saman inji aka ɗora ta, wannan ramin da ke kan bonet ne ke shayar da ita iska, wanda a Oksfod ta Ingila inda ake haɗa motar ba laifi, amma mu nan Kano a watan Afrilu da rana ta wuce digiri 40, ka tsaya a gosulo minti ashirin da esi a kunne, wallahi ba ka iya ɗora tafin hannunka a kanta. Iska mai zafi ga matsi ga man da ba ka da tabbacin ingancinsa, sai mai ya fara fashewa a silinda kafin lokacinsa, sensa ta jiyo ƙarar, birenbos ya ja tamin baya don kare fistin. Sakamakon? Da azahar motar kusan kamar ban yi mata komai ba. Amma bayan isha'i, ko da asuba lokacin hunturu, kai jama'a, wata mota ce daban, tun daga ƙasan rebolushan take ja.

Shi ya sa duk mai zuga ni in sauka zuwa kashi 17 ko 19 nake yi masa dariya kawai. Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa, a wannan motar famfon ruwa a bayan sufacajar yake, wasu 'yan giyoyi ne ke juya shi daga jikinta. Ka ƙara mata gudu ka ƙara wa famfo gudu, kuma giyoyin nan ɗan mai kaɗan suke da shi a wani ƙaramin aljihu da yawanci ba wanda ya taɓa dubawa tun da aka ƙera motar. In ya bushe haƙora suka cinye, famfo ya tsaya, obahitin kenan har ta kai ga gasket. Nawa da muka buɗe ɗan abin da ya rage baƙi ƙirin ne, ga wani wari da har yaran garejin suka watse. Da na san haka da shi zan fara kafin in taɓa fuli, da shi da lagireto da wanke intakula, don cikinta ma duk maiƙo ne.

Mai kuwa yanzu gida ɗaya nake sha, na daina tsayawa wurin 'yan bumburutu ko da layi ya kai ina. Shan man bai wani canza ba in ina tafiyar hankali, matsalar ita ce ƙafata ta daina hankali tun da kukan nan ya ƙaru. Uwargida ta ce ita dai in za mu unguwa a ɗauki tsohuwar Corolla, wai wannan ƙarar tana sa ta ji kamar a injin markaɗe aka zaunar da ita.