Na je Paris kallon yadi, na ɓige da bin tarihin siket ɗin 'yan rawar bale

Ni dai tela ce, kayan amare nake ɗinkawa, kuma bikin kammala karatun ɗiyar yayana ne ya kai ni Paris ba rawa ba. Amma ai tela ba ta shiga gari ta fita ba ta leƙa kasuwar yadi ba, shi ya sa tun gajiyar jirgi ba ta sake ni ba na ce mata ta kai ni. Muka hau metro muka sauka a Château Rouge inda shagunan atamfa da shadda suke jere, ga 'yan Mali ga 'yan Senegal kowa na cinikinsa, daga nan muka taka da ƙafa zuwa Marché Saint-Pierre a gindin tudun Montmartre. Sanyi kam ya ci ni a hanya, iskar nan mai shiga kunne. Kasuwar bene ce hawa-hawa, kowane hawa da irin kayansa, kuma a nan hannuna ya faɗa kan wani farin yadi na auduga, saƙarsa a buɗe kana hango yatsunka ta ciki, amma ya sha sitati har yana ƙara in ka matsa shi. Net na san shi, kullum da shi nake tayar da siket ɗin amarya, wannan kuwa ban taɓa riƙe irinsa ba. Mai yankan yadin ya yi bayani da Faransanci, yarinyar ta juyo ta ce, "Gwaggo, wai sunansa tarlatan, da shi ake yin siket ɗin 'yan rawar bale a da can kafin net na roba ya zo." Bale dai ita ce rawar dandamali ta Turawa da mata ke yi a kan tsinin yatsun ƙafa. Daga nan fa tambaya ta ƙi ƙarewa, har ta gaji ta ce gobe sai gidan Opera, ki gani da idonki.

Palais Garnier ake ce wa ginin, babban gidan wasannin waƙa da rawa ne, an buɗe shi a 1875, kuma da rana ana sayen tikiti a shiga a zaga ko ba a wasa. Matattakalar marmara, zinariya ko'ina, fitilu, duk na gani kuma ya burge ni, sai dai ni hankalina na ɓangaren ɗakin karatu da kayan tarihi inda ake ajiye zane-zanen kaya da hotunan 'yan rawa na da. Abin da na fara fahimta shi ne labarin siket ɗin ma ya girmi wannan gini. A tsohon gidan Opera na titin Le Peletier ya faro, wanda gobara ta cinye a 1873. A can ne ranar 12 ga Maris 1832 Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide wanda mahaifinta Filippo Taglioni ya tsara, tana matsayin wata aljanar iska, sanye da riga mai kama jiki daga sama, kafaɗu a buɗe, 'yan fukafukai a baya, siket fari sol na yadi marar nauyi an jera shi shafi kan shafi ya sauko har tsakiyar ƙwauri. Ana danganta zanen kayan ga mai zane Eugène Lami. Kafin zamanin nan, a ƙarni na 18, 'yan rawa kayan fada suke sawa, yadi mai nauyi, ƙarfen buɗa siket a ƙugu, takalmi mai tsini, to ka ga inda aka baro.

Abin da ya kama ni a matsayina na mai ɗinki shi ne tsawon nan ba don ado kawai aka zaɓe shi ba. Taglioni a kan tsinin yatsun ƙafa take rawa, abin da a lokacin sabo ne a wajen masu kallo, in siket ya rufe idon sawu ai wahalar banza ta yi, ba wanda zai ga aikin. Sai aka ɗage shi daidai inda ƙafa za ta fito, aka sa yadin da in ta yi tsalle shi zai ɗan makara a sama kafin ya biyo ta. Duk wanda ya taɓa yin tattara da yadi mai laushi ya san wannan makarar, ita ce ke sa mutum ya ga kamar ba a taka ƙasa. Da wasan Giselle ya zo a 1841, Carlotta Grisi ce ta fara taka shi, sai ya zama dandamali cike da 'yan mata cikin farare a matsayin fatalwowi, tun daga nan farin siket mai tsawo ya zama shi ne kayan bale. Yadin ma da nasa tarihin, muslin da tarlatan asalinsu Indiya ne, net kuma John Heathcoat ne ya yi masa inji a Ingila a 1809, daga baya injinan suka tsallaka zuwa Calais a Faransa, shi ya sa abin da a da sai mai hali ya zama ana iya ɗinka wa 'yan rawa da yawa a lokaci guda.

Sai kuma maganar wuta, wadda wallahi ita ta tsaya min a rai fiye da komai a tafiyar nan. Tun 1822 gidan Opera ya fara amfani da fitilun gas, kuma hasken gas ɗin ne ke ratsa farin yadin ya ba shi kyan da ake yabo. To amma harshen wuta ne a buɗe, a bakin dandamali da gefe-gefensa, ga yarinya tana juyi da auduga busasshiya mai sitati wadda iska ke shiga tsakanin kowane shafi. Ni da na san yadda ɗan guntun yadi ke kamawa in ya kusanci gawayin dutsen guga, jikina sai da ya yi sanyi. A Landan, Clara Webster ta ƙone a dandamalin Drury Lane a 1844 ta mutu. A Faransa an yi doka a 1859 cewa a riƙa jiƙa kayan wasa da wani sinadarin hana kama wuta na wani mutum Carteron, sai dai maganin yana sa yadi ya sandare ya dushe, farin ya koma datti-datti, 'yan rawa suka tsane shi. Emma Livry, wadda Taglioni da kanta ta ɗauka ta horar har ta tsara mata wasan Le Papillon a 1860, ta ƙi sa kayan da aka jiƙa, har ta rubuta takarda cewa ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Ranar 15 ga Nuwamba 1862 ana gwajin wasan La Muette de Portici siket ɗinta ya taɓa fitila. Wata takwas ta yi tana jinya, ta rasu a Yuli 1863 tana da shekara 20. Guntun abin da ya rage na kayanta yana ajiye a gidan tarihin Opera ɗin har yau. Yarinyar yayana ta ce ai ita ta jawo wa kanta tunda ta ƙi maganin, na ce a'a uwata, kar ki yi saurin yanke mata hukunci, yarinyar da abincinta da sunanta duk suna rataye da yadda siket ɗinta zai tashi a idon masu kallo, wane zaɓi aka bar mata? Masu gidan da suka bar wuta tsirara kusa da auduga su ne manya, su ya kamata su rufe fitilun.

Daga nan siket ya yi ta hawa sama a hankali. 'Yan rawar Italiya suka zo da ƙafa mai ƙarfi da juyi mai sauri, takalmin ma aka ƙara masa tauri a baki, dogon siket ya zama cikas kuma yana ɓoye gwiwa. A Rasha, a St. Petersburg, Marius Petipa ya tsara wasan Sleeping Beauty a 1890 da kayan da Ivan Vsevolozhsky ya zana, sai Swan Lake a 1895 inda Pierina Legnani ta yi juyinta 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, irin wannan ba ya yiwuwa da yadi yana naɗe maka ƙwauri. A lokacin siket ya kai gwiwa ko ya ɗan haura, ya ƙara tauri da cika. Wanda muke gani yanzu a talabijin, shimfiɗaɗɗe a ƙugu kamar faifai, shi sai a ƙarni na 20 ya kai haka, kuma har yanzu a cikin ginin Garnier akwai ɗakunan ɗinki inda ake haɗa shi da hannu, shafi fiye da goma kowanne ya ɗara na ƙasansa faɗi. Na so ƙwarai in shiga wajen amma ba ya cikin inda masu ziyara ke zagawa.

Washegari muka tsallaka kogin Seine zuwa Musée d'Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce aka mayar gidan tarihi, layi dogo a waje ga yayyafi. A can zane-zanen Edgar Degas suke, kuma su suka nuna min siket ɗin shekarun 1870 yadda yake a jikin mutum a ranar aiki, ya tsaya wajen gwiwa, an ɗaura ƙyalle mai launi a ƙugu, baƙin zare a wuya, wata na sosa baya wata ta zauna ta gaji, iyaye mata na jira a gefe. Yawancin yaran nan 'ya'yan talakawa ne, kuma attajirai masu kujerar dindindin a Opera suna da damar shiga bayan fage inda suke, ba sai na faɗa muku me hakan ke jawowa ba. Na daɗe a gaban wani mutum-mutumi da Degas ya yi na wata yarinya 'yar rawa mai shekara 14. Marie van Goethem sunanta, uwarta wanki take yi, ubanta tela ne, abin da ya sa na ji ta kamar tawa. Degas da kakin zuma ya yi na asalin ya nuna shi a 1881, ya sa mata siket na yadin gaske da gashin gaske, mutane suka yi ta zagin fuskarta wai ta yi muni, a 1882 kuma Opera ta sallame ta saboda fashin zuwa aji. Na kakin yana Washington a Amurka, wanda na gani na tagulla ne da aka zuba bayan mutuwar Degas a 1917. Ƙarfen yana nan garau, yadin ne ba ya jure shekaru, shi ya sa gidajen tarihin da ke da irinsa sukan sake mata siket, wani ya yi shi gajere wani ya sauko da shi. In da ni za a tambaya, in dai za a sake, a yi mata na tarlatan mai cika ya kai gwiwa irin na zanen ajin rawar da ke gidan, don shi ne abin da ita da ƙawayenta suka sa suka yi aiki a ciki.