Zafi da Kogo: Abin da Na Koya Game da Adana Lantarki da Matsattsiyar Iska

A cikin hanyoyin da kamfanonin wutar lantarki ke bi wajen adana makamashi, ajiyar matsattsiyar iska ce ta fi ɗaukar hankalina lokacin da nake nazarinsu. Idan buƙata ta ragu kuma wuta ta yi rara, sai a tura iska da ƙarfi cikin kogo a ƙarƙashin ƙasa, idan buƙata ta taso kuma a sake ta domin ta juya injin da ke haɗe da janareta.

Inda na fi daɗewa shi ne batun zafi, domin a nan ne riba da asara suke. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannun mai buga iska, idan aka sake ta kuma sai ta yi sanyi ƙwarai. Tashar Huntorf ta Jamus, wadda ta fara aiki a 1978 da ƙarfin megawat 290, takan sanyaya iskar kafin ta shiga kogo, zafin ya tafi a banza, sannan ta ƙona gas domin sake ɗumama ta, abin da ya sa kusan kashi 42 cikin ɗari kawai na makamashin ke dawowa. Tashar McIntosh ta jihar Alabama a Amurka, wadda aka buɗe a 1991, ta yi amfani da zafin hayaƙin injinta wajen ɗumama iskar, har ta kai kusan kashi 54. A ganina tashar Jintan ta ƙasar Sin, mai megawat 60, wadda ta soma aiki a 2022, ita ce ta kama bakin zaren, tunda tana adana zafin matsewar ne ta mayar wa iskar ba tare da ƙona gas ba.

Na kuma gane cewa yanayin ƙarƙashin ƙasa ne ke da ta cewa kafin injiniya. Duk tashoshin nan uku a kan kogon gishiri suke, wanda ake samarwa ta hanyar narkar da gishirin da ruwa, kuma ba ko'ina ake samun irin wannan shimfiɗar gishiri ba.

Batirin litiyom ya fi wannan tsari mayar da abin da aka ba shi, babu ko shakka. Sai dai an gina McIntosh ne domin ta ba da megawat 110 har tsawon sa'o'i 26, kuma ƙarin sa'o'i a wannan tsari faɗin kogo yake bukata, ba sayen sababbin injuna ba.